Daga Goro Zuwa Gwari: Yadda Shekarar Korona Ta Same Mu a Kan Hanya



Duk wanda ya tashi a gaban dattawan unguwar nan ya san cewa da shekarun wahala suke lissafin zamani. Za ka ji an ce wane an haife shi shekarar marisuwa, wane ya sauka Badun ana yaƙin basasa, wane ya yi aure shekarar canjin kuɗi. To, ga shi mu ma Allah ya ba mu tamu. Yaran da aka haifa a 2020, da shekarar korona za a riƙa kwatanta su.

An yi maganar wannan annoba ta fuskar asibiti da ta fuskar gwamnati har an gaji. Mu abin da muke so mu ajiye a wannan mujalla shi ne yadda ta taɓa sana'ar da gidaje masu yawa a cikinmu ke ci da ita, wato kayan gwari: tumatir da attarugu da tattasai da albasa. Amma ba za a gane abin da ya same mu ba sai an koma baya an ga irin harsashin da aka ɗora wannan sana'a a kansa. Tsarin da muke kasuwanci da shi gado ne daga masu goro da masu shanu, kuma an gina shi ne don kayan da ke iya jira. Mu kuwa muka ɗora masa kayan da ba ya kwana huɗu. Shekara da shekaru muna lallaɓawa a haka, sai da korona ta zo ta tsayar da motoci sannan ɓarakar ta fito fili.

Harsashin da muka gada

An kafa Sabo a 1916. Kafin nan Hausawan Badun a cikin gari suke zaune, a warwatse a gidajen Yarabawa. Abin da ya tara su wuri ɗaya har suka yi ƙarfi shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, sannan aka gama gadar Jabba a kan Kwara a daidai lokacin da ake kafa unguwar nan. Daga nan tafiyar da fatake ke yi wata da watanni da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki. Goro ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa Kurmi, Sabo tana tsakiya.

Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne abin da mu muka ɗauka ba komai ba: yadda mutum zai kora shanunsa tun daga Arewa ya danƙa su a hannun maigida a Sabo, dillalin maigida ya sayar wa mahautan Yarabawa bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗin su fito. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don sunansa shi ne jarinsa. Haka a goro: mai kuɗi yana Kano ko Sakkwato, fatomansa yana nan yana saya masa a ƙauyuka, yana ɗaure huhu yana aikawa. Amana ce ke tafiyar da komai, unguwa kuma ita ce kotun amanar. Wanda ya ci amana a Sabo, kafin ya isa Shagamu ko Agege labarinsa ya riga shi.

Sai dai ku lura da irin kayan. Goro in ya samu ganyen fita mai kyau, ana buɗe huhu ana sake ganye, ana tsince wanda sankara ta kama, zai yi watanni, har ya zama daushe ya ƙara daraja. Saniya kuma in kasuwa ta yi sanyi sai a mayar da ita kara, a ba ta ciyawa da ruwa, a jira mako mai zuwa. Za ta rame, amma ba za ta narke ba. Saboda haka iyayenmu suna da abin da ake kira jira. In farashi bai yi musu ba, sai su ce a bari tukuna.

Annobar farko da ta gwada wannan tsari ita ce marisuwa. A watan Satumba na 1918 ta sauka Ikko ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo ta shigo Abekuta da Badun, kafin shekara ta ƙare ta kai Kano. Masana tarihi suna ƙiyasta cewa ta kashe mutum kusan rabin miliyan a Nijeriya. Lokacin Sabo tana da shekara biyu kacal. An yi rashin mutane ƙwarai, amma sana'ar ta tashi, domin wanda ya rayu ya tarar da huhun goronsa da garkensa suna jiransa.

Yadda gwari ya shigo

Tumatir da attarugu sun daɗe a miyar Bayarabe, kuma manoman Oyo da Ogbomosho da Oke-Ogun suna nomawa da damina. Matsalar ita ce rani. Abin da ya juya al'amarin shi ne madatsun ruwa da aka gina a Arewa a zamanin kuɗin fetur, bayan farin da aka sha a 1973: Tiga a 1974, wadda ke shayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, Bakolori a 1978, Goronyo a 1984. Daga baya ƙananan injinan ban ruwa suka cika fadamu, kowane mai ɗan fili a bakin rafi ya zama manomin rani. Sanyin hunturu kuwa shi tumatir ke so. Sai ga Kwanar Gafan da Ɗanja da Hunkuyi da Ikara suna fitar da abin da Arewa ba za ta iya cinyewa ba, ga albasar Aliero da ta ƙasar Sakkwato, ga kayan Jos masu zuwa a nasu lokacin.

A daidai wannan zamani jirgin ƙasa yana mutuwa, kwalta tana ƙaruwa, garuruwan Kudu suna kumbura. Kaya suka koma kan manyan motoci. Daga Kano a biyo Zariya da Kaduna, a ratsa Birnin Gwari da Tegina zuwa Mokwa. Daga Kabi da Sakkwato a biyo Yawuri da Kontagora, nan ma a faɗo Mokwa. Duk a haɗu a gadar Jabba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, a sauke a Shasha, wasu su wuce Mile 12 a Legas. Tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Har harshe ya shaida wannan hanya: tattasai namu shi ne tatase a bakin matan Bodija.

Da sabuwar sana'a ta zo, ba a ƙirƙira mata sabon tsari ba. Na goro da shanu aka ɗauko aka shimfiɗa mata. Manomi ko mai saye a bakin gona ya loda kwanduna, sau da yawa kayan mutum goma ko fiye a mota ɗaya, kowa da alamarsa. Direba ya taso da rabin kuɗin mota, sauran sai an sauke. Dillali a Shasha ya karɓa, 'yan dako su sauke, matan Yarabawa masu sari su ɗauka, wasu da kuɗi hannu, da yawa kuma bashi zuwa yamma ko zuwa jibi. Dillali ya cire la'adarsa da kuɗin mota da na dako, ya tura sauran Arewa. A dā ta hannun direba ake aikawa, yanzu ta banki, amma har gobe magana ce ta baki da waya.

Bambancin ɗaya ne, kuma shi ne komai. An cire jira. Tumatir daga ranar da aka tsinke shi agogo yake bugawa. Ana tsinkarsa da saura, bai gama nuna ba, a zaɓi irin su UTC da Roma masu kaurin fata, don ya ƙarasa nuna a hanya. A jera kwando kan kwando, na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama. In mota ta iso cikin kwana biyu, alhamdu lillahi. Kwana uku, an fara tsince fasasshe, wanda Yarabawa ke kira esha, a sayar da shi a wulaƙance. Kwana huɗu zuwa biyar, ruwa ne ke ɗiga daga bodin mota, kana jin warinsa tun daga nesa. Ko a shekarar lafiya, masana suna ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan yana lalacewa kafin ya shiga tukunya.

An kuma yi mana gargaɗi tun kafin korona. A 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin Kano da Kaduna da Katsina, har kamfanin tumatir na Ɗangote da ke Kadawa, wanda bai daɗe da buɗewa ba, ya tsaya don rashin kaya. A watan Yuni na 2017 gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jabba ta karye, motoci suka koma dogon zagaye. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, abin da ya toshe ɗan kayan da ke shigowa daga maƙwabta yana cike giɓi in na Arewa ya yanke. Kowanne ya girgiza mu, ya wuce, muka koma yadda muke.

Shekarar 2020

Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, a Legas. Kamar marisuwa, ta bakin teku ta shigo. Daren 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja, Ogun ta biyo baya da 'yan kwanaki. A nan Oyo, Gwamna Seyi Makinde bai yi kulle gaba ɗaya ba. Ya sa dokar hana fitar dare, ya hana taro, ya rufe kasuwanni ban da na abinci. Shi da kansa ya kamu a ƙarshen watan Maris, Allah ya ba shi lafiya, tsohon gwamna Abiola Ajimobi kuma cutar ta yi ajalinsa a watan Yuni. A Arewa, Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, ranar 27 ga wata Shugaba Buhari ya ƙara mata mako biyu. Daga 4 ga Mayu aka kafa dokar hana fita a ƙasa baki ɗaya daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, tare da hana ƙetare iyakar jiha. Ba a ɗage hanin ƙetare jiha ba sai 1 ga Yuli.

Ku dubi lokacin da abin ya faɗo. Ƙarshen Maris da Afrilu shi ne wutsiyar kakar tumatirin rani, gonaki cike, zafi kuma ya kai maƙura. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, watan da kowane gida ke neman kayan miya. Da a watan Agusta aka yi kullen, da labarin ya sha bamban.

A takarda, gwamnati ta ce motar abinci ba ta cikin doka, kuma gaskiya ne an faɗa, an maimaita. Amma takarda a Abuja take, shinge kuwa yana kan hanya. Kowace jiha ta kafa nata a bakin iyaka, ƙananan hukumomi suka kafa nasu, har da matasan gari masu igiya da gungumen ice. Direban da ya saba da wuraren tsayawa sanannu sai ya tarar sun ninka. A kowane shinge sai an yi magana, maganar kuma kun san ta: na goro. Wanda ya tsaya gardama cewa kayan abinci ya ɗauko, sai a ce ya faka gefe. Mai shinge ya san abin da ke cikin motar, ya san rana tana aiki a madadinsa. Mai siminti zai iya kwana uku yana jayayya. Mai tumatir awa uku ta ishe shi ya miƙa wuya.

Dokar dare ta ƙara dagula lissafi. Motar gwari da dare take cin hanya, saboda sanyi da kuma saboda a iso kasuwa da asuba. Da aka ce ƙarfe takwas kowa ya tsaya, a wurare da dama ba a bambance motar abinci da sauran ba. Sai tafiya ta koma ta rana tsaka, a kwana a tsaye, kaya suna dahuwa a ƙarƙashin tamfol. Tafiyar kwana biyu ta zama ta huɗu ko biyar.

Akwai kuma abin da ya jawo wa motocin baƙin jini, dole a faɗe shi. Da motocin fasinja suka tsaya, wasu direbobi suka riƙa ɗaukar mutane a saman kaya ko a tsakanin shanu, 'yan ci-rani masu neman komawa bakin aiki. An kama irin waɗannan a iyakokin jihohin Kudu, aka yaɗa hotuna, a daidai lokacin da ake ta labarin yawan mace-mace a Kano. Daga nan duk motar da ta fito Arewa ta zama abar zargi. A ce a kwance tamfol, wani lokaci a ce a sauke kwanduna a duba ƙasa. Kwandon tumatir kuwa in ya sauka ya sake hawa, rabinsa ya tafi. Kwaɗayin kuɗin fasinja na mutum kaɗan ya jawo wa dubban masu kaya asara.

Wanda kayansa suka tsallake duk wannan suka iso, sai ya tarar da kasuwa ta canza. Babu biki, babu owambe, kuma kun san kwando nawa bikin Bayarabe ɗaya ke lashewa a ranar Asabar. Otal-otal a rufe. Makarantu a rufe, Jami'ar Badun ba ɗalibai, ga yajin aikin malaman jami'a da ya ɗauke daga Maris har Disamba, saboda haka masu buka na Agbowo da Sango da ke ɗaukar esha kullum suka rage saye ko suka daina. A Legas an taƙaita kasuwannin abinci zuwa 'yan awoyi, rana bayan rana, motar da ta iso ranar da ba a buɗewa sai ta kwana. Matan da ke zuwa sari daga Ijebu da Abekuta da Oshogbo hanya ta gagare su.

Can Arewa kuma abin ya juye. Da aka sassauta wa Kano a farkon Mayu, Litinin da Alhamis kawai ake fita, kasuwar 'Yankaba da 'Yan Lemo ne aka bari su buɗe. Masu tsinka ba sa samun zuwa gona yadda suka saba, direbobi da yawa sun ajiye motoci, wanda ya yarda ya taso kuma ya ninka kuɗi. Sai ka ga abin mamaki a rana ɗaya: a bakin gona kwando bai kai kuɗin kwandon da aka zuba shi ba, a Bodija kuwa mace tana ƙirga ƙwaya huɗu a faranti. Manomi yana kuka, mai ci yana kuka, kowanne yana zaton dillali ne ya cinye tsakani. Alhali tsakanin ya tsiyaye a hanyar Mokwa.

Mai albasa ya ɗan samu sauƙi, don ita tana jure makonni in ta sha iska. Masu dabara a Arewa suka koma yanka tumatir suna shanyawa, aka yi kauɗa mai yawa a shekarar. Wato wanda ya tsira shi ne wanda ya samu hanyar mayar wa kayansa jira. Amma manomin da ya karye a Afrilu bai samu jarin shuka na gaba ba, ga taki da iri sun hau saboda faɗuwar naira. Shi ya sa tsadar ba ta tafi da tafiyar kulle ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci tana wajen kashi 15 cikin 100 a Maris na 2020, ta kai kusan kashi 23 a Maris na 2021.

Asarar ta wa ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a zaurukan sulhu da bayan sallar la'asar a wancan lokaci. Mota ta iso kaya sun narke. Direba yana neman cikon kuɗinsa, ya ce shi ya kawo, ba shi ya kafa shinge ba. Mai kaya yana waya daga Kura ya ce shi lafiyayyen kaya ya loda. Dillali yana tsakiya, ga matan da suka ɗauki na makon jiya bashi sun ce ba su sayar ba. A zamanin shanu amsar a fili take: maigida ya tsaya wa baƙonsa. Amma maigidan shanu bashin mahauci guda yake cikewa, can ba a rasa ba. Ba a taɓa tsara cewa mutum ɗaya zai cike mota bayan mota, mako bayan mako ba.

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan abin da ake kira ja'iha, wato bala'in da ba hannun mutum a ciki, kamar fari ko ƙanƙara ko fara, in ya faɗa wa amfanin da aka saya tun yana kan itacensa. A 'ya'yan itace, in ɓarnar ta kai sulusi ana sauke wa mai saye gwargwadonta. A kayan lambu kuwa, Risala ta kawo cewa ana saukewa ko da ɓarnar kaɗan ce, tare da ambaton wani ƙaulin da ya ce sai ta kai sulusi. Wannan hukunci na kayan da ba a tsinka ba ne, ba za a ɗauke shi kai tsaye a ɗora wa kwandon da ke kan hanya ba. Amma ya nuna cewa tun tuni shari'a ta san kayan lambu daban suke, kuma ba ta son a jibge wa mutum ɗaya bala'in da ba shi ya jawo ba. Shi kuwa dillali da direba, asalinsu amintattu ne a kan kayan wani, ana duba ko sun yi sakaci. Direban da ya tsaya ɗaukar fasinja har aka riƙe shi kwana biyu, hukuncinsa daban da wanda dokar dare ta tsare. Ga kuma umarnin da ke cikin Suratul Baƙara na a jinkirta wa wanda ake bi in yana cikin ƙunci.

A kan haka aka yi yawancin sulhun: direba ya sauke wani abu, dillali ya yafe la'ada, mai kaya ya ɗauki saura, bashin mata kuma a raba shi kashi-kashi. Akwai dillalan da suka sayar da fili ko mota don kada sunansu ya ɓaci a Arewa. Akwai matan Yarabawa da suka zo da kuɗi a ɗaure a bakin zane bayan wata biyar, ba wanda ya aika musu. Amanar da Cohen ya gani a 1963 tana nan da ranta. Wanda ba a yi sulhu da shi ba shi ne ɗan dako. Shi ba ya cikin lissafin kowa. Ranar da mota ba ta zo ba, ba shi da abin buɗe baki, kuma ba ya iya komawa gida saboda hanya a rufe. Tuwon sadaka na masallatai da na gidajen masu hali shi ya riƙe da yawansu a azumin nan.

Game da dokar kanta, mun faɗa a lokacin, muna kuma maimaitawa: hana shiga da fita garin da annoba ta sauka abu ne da addini ya sani. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annobar Amwas. Kukanmu a kan wanda ya mayar da dokar kare rai ta zama rumfar karɓar kuɗi ne.

Shasha

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga abin da ya fi korona ciwo. Ranar Alhamis 11 ga Fabrairu 2021 aka samu saɓani a kasuwar Shasha a kan kayan tumatir da suka zube wa ɗan dako a gaban shagon wata mata. Wani mai gyaran takalma da ya shiga tsakani ya samu rauni, ya rasu. Washegari wuta ta tashi. An rasa rayuka ta kowane ɓangare, an ƙone shaguna da gidaje da motoci, mata da yara suka yi gudun hijira, wasu zuwa fadar Sarkin Shasha, wasu nan Sabo, wasu suka hau mota ba su sake dawowa ba. Gwamna ya rufe kasuwar, gwamnonin Kano da Kabi da Neja da Zamfara suka zo jaje, aka sake buɗewa kafin watan ya ƙare. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Ba za mu ce korona ce ta kunna wannan wuta ba. Akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe a kan shugabancin kasuwa, ga zaman ɗar-ɗar da ake ciki a jihar a kan rikicin makiyaya. Amma mutanen da suka shekara suna asara, kowa yana zargin ɗan'uwansa da tsadar abinci, zuciyarsu a kusa take.

Daga 25 ga Fabrairu ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, aka tare motoci a Jabba, sai a farkon Maris aka janye bayan shiga tsakani da Gwamna Yahaya Bello na Kogi ya yi. A wannan mako farashi ya yi tsalle a Legas da Badun, a Arewa kuma tumatir ya ruɓe a hannun manoma, daidai irin abin da kulle ya yi. Wannan karon mu ne muka kafa shingen da hannunmu, kuma kayan bai tambayi wanda ya kafa ba. Mai Kadawa da mai Bodija igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in an yanke ta kowa faɗuwa yake. Mu mazauna nan kuwa mu ne a tsakiyar igiyar.

Abin da ya rage mana

Iyayenmu sun gina tsarin da ya dace da kayansu. Namu aikin shi ne mu gyara shi ya dace da namu, kuma akwai abin da ba sai mun jira gwamnati ba.

A zauna tsakanin shugabannin 'yan gwari da na direbobi da malamai a rubuta ƙa'idar rabon asara tun kafin mota ta taso: in jinkiri daga direba ne, kaza, in daga hanya ne, kaza. Rubutu ba ya rage amana, ayar bashi ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. A kafa asusu, ana cire ɗan abu a kan kowane kwando a lokacin kaka, a sa sunan 'yan dako a cikin masu haƙƙi a kai. Kwandon roba da ake jerawa ba ya danne na ƙasa, an gwada an ga amfaninsa. Matsalarsa tsada da kuɗin mayar da shi Arewa ba kaya, wannan kuwa ƙungiya ce za ta iya saye ta riƙa bayarwa haya, mutum ɗaya ba zai iya ba. A daina raina kauɗa, a koya wa masu sayenmu amfani da ita tun ana zaman lafiya. Ga tashar sabon jirgin ƙasa da aka buɗe a Moniya a watan Yuni na 2021, tana maƙwabtaka da Shasha. Ranar da layin ya kai Kano, ya kamata a tarar muna da bakin da zai nemi taragon kayan gwari.

Sannan a riƙe zama da shugabannin kasuwa na Yarabawa a kai a kai, ana lafiya, don ranar da kwando ya sake zubewa a gaban shagon wani a samu waɗanda suka san juna da za su isa wurin kafin 'yan ta-more.

Matasanmu da ke karatu, ku je ku zauna da dattawan da suka ga zamanin jirgin goro, da direbobin da suka kwana a shingaye a 2020, ku rubuta abin da suka faɗa ku kawo wa wannan mujalla. Na marisuwa sun tafi da yawancin labarinsu, kada na korona su tafi da nasu.

Allah ya kare mu daga annoba da fitina, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.